Na canza gilashin saiti, ido ya fito ras amma haske ya birkice

Harouna_Boukoki:
Salamu alaikum ƴan uwa masu hoto. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu a sana'a. Apare, wato kyamara, Canon 5D Mark II nake aiki da ita, ta hannu ce. Ina ɗora mata tsofaffin objektif (idon da ake ɗaurawa gaban apare) masu zare na M42, Helios 58 da wata Takumar 50, da zoben haɗi marar lantarki. Saiti da hannu ya daɗe yana ba ni wuya: a maleƙa, inda ake kafa ido a leƙa, in ga ido ya zauna, in buɗe a kwamfuta in tarar kunne ne ya fito, ido kuwa dishi-dishi. Sai na yi odar gilashin saiti mai tsagaggiyar da'ira a tsakiya, irin na tsofaffin apare, na cire na ainihi na sa shi. Saiti kam ya yi sauƙi. Amma yanzu ma'aunin haske ne ya rikice. A f/2 kusan daidai yake ba ni, da na rufe diyafram, ƙofar hasken objektif, zuwa f/8 sai hoto ya ƙone fari fat. Gilashin ne ya jawo haka, ko apare ce ta fara gajiya?

Zeinabou_Plateau:
Wa alaikumus salam. Wane irin awo ka ɗora ta a kai? In sifot ne, fara da barinsa.

Harouna_Boukoki:
Sifot ne, yaya Zeinabou. Shi na saba da shi saboda fuska.

Zeinabou_Plateau:
To ga ɓarawonka nan. Sifot ɗin 5D Mark II ɗan ɗigon tsakiya kawai yake dubawa, wajen kashi 3.5 cikin ɗari na abin da kake gani. Kai kuma ka je ka dasa da'ira daidai wannan wuri. Me kake so ya karanta?

Injiniya_Moussa:
Zeinabou ta taɓo wurin, bari in ƙara bayani don masu koyo da ke cikinmu.

Haske in ya shigo ta objektif, madubi ne ke tare shi ya jefa shi sama, ya sauka kan gilashin saiti. Nan hoton ke zama. Daga nan firizim ya juya shi ya kai idonka. To ɗan idon da ke auna haske a yawancin waɗannan apare yana can sama cikin gidan firizim, kusa da inda kake leƙawa. Bai ga titi ba, bai ga amarya ba, gilashin nan kaɗai yake kallo. Kamar mutumin da ke zaune cikin ɗaki ne yana ƙiyasin rana ta asabari. Ka canza masa asabari ba ka faɗa masa ba, zai rantse maka hadari ya haɗo.

Ita tsagaggiyar da'irar kuwa ƙananan firizim biyu ne da aka kifa, ɗaya na ɗaukar haske daga wannan gefen objektif, ɗaya daga wancan. Shi ya sa layi ke karyewa biyu in saiti bai yi ba, ya haɗe in ya yi. Matsalarta, da ka rufe diyafram wajen f/5.6 zuwa sama, gefunan da take ɗebo hasken sun rufe, sai rabinta ya yi baƙi, wani lokacin duka biyun. Ma'auni ya ga baƙi, ya ce duhu ne, ya ja vites, wato saurin ɗaukar hoto, ƙasa, hoto ya ƙone. Apare ɗinka lafiyarta ƙalau, Harouna.

Ɗan_Katako:
Shi ya sa ni na ce a bar wa apare kayanta yadda aka ƙero ta. Wanda ya ƙera ya fi mu sani.

Injiniya_Moussa:
Ai wanda ya ƙera ɗin ne ya yi ta yadda za a iya cirewa. 5D Mark II gilashi uku Canon ta yi mata: Eg-A da take zuwa da shi, Eg-D mai layukan dara, da Eg-S na saiti da hannu. Har wuri aka ware cikin C.Fn na menu ɗinta, rukuni na huɗu lamba ta biyar, inda za ka gaya mata wanne ka sa don ta gyara lissafinta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa gilashi na taɓa awo. Abin da babu a jerin shi ne mai tsaga irin na Harouna, don ba nasu ba ne.

Baba_Chaibou_Tawa:
Assalamu alaikum ɗiyana. Ni dattijo na, yaro ka rubuta mini wanga. Mu da munka hwara aiki da felikil, wato fim, wagga da'ira da ita munka buɗe ido. Zenit munka riƙa, sannan Pentax, sannan Allah ya hore mini Nikon FM2. Ba mu san wani saiti ba in ba ita ba. Ka nemi tsayayyen layi, bakin ƙohwa ko gehen hula, ka murza har ya haɗe, ka danna. Amma ku lura da abu guda. Apare irin FM2 a buɗe suke auna haske, diyafram ba ya ruhewa sai lokacin da ka danna. Shi ya sa da'ira ba ta baƙi garemu. Shi Harouna da zobenai marar komi, da hannu shika ruhewa tun kahin ya auna. To dole ta yi mai baƙi. Ɗana, saita a buɗe, auna a buɗe, sannan ka ƙirga da kanka. In ta ba ka 1/2000 a f/2, to f/2.8 dubu guda, f/4 ɗari biyar, f/5.6 ɗari biyu da hamsin, f/8 ɗari da ashirin da biyar. Mi ka da wuya ciki?

Harouna_Boukoki:
Allah ya ƙara girma, Baba. Lissafin ba wuya. Saurin ne matsala. A wurin biki kafin ka ƙirga an juya maka ƙeya.

Baba_Chaibou_Tawa:
Rana ba ta sake hali ko wane minti. Auna sau guda in ka iso, bar ta a M, inda kai ka zaɓen vites da diyafram da hannu, sai in mutane sun shiga rumhwa ka sake.

Rabi_Hoto:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni ina da wata tambaya. Me ya sa tun farko gilashin ainihi yake yaudarar mutum? Ni ma da 50 ta f/1.4 a maleƙa komai ras, a kwamfuta hanci ne kawai ya fito. Na ɗauka idona ne.

Injiniya_Moussa:
Ba idonki ba ne kaɗai, Rabi. Gilashin zamanin da gurzajje ne sosai, yana watsa haske ko'ina, saboda haka yana nuna maka ainihin abin da ya zauna da wanda bai zauna ba, sai dai yana da ɗan duhu. Da otofokis ya zo, wato apare ta yi saiti da kanta, madubi ya koma yana barin wani kaso na haske ya wuce ƙasa wurin na'urar saiti, ga kuma zum masu f/3.5 zuwa 5.6 sun cika kasuwa. Sai aka ƙera gilashi mai haske don kada maleƙa ta yi duhu. Kuɗin da aka biya shi ne, irin wannan gilashi ba ya nuna miki abin da ya wuce wajen f/2.8. Ki gwada: sa objektif ɗinki a f/1.4, danna maɓallin duba zurfi, sannan ki mayar f/2, ki sake. Kusan ba za ki ga bambanci ba. Ke kina kallon zurfin f/2.8 ko fiye, hoton kuma a f/1.4 za a ɗauka.

Kuma zurfin nan ba shi da yawa. 50 a f/1.4, mutum na mita biyu da ke, a kan cikakken kaptar, wato farantin da ke ɗaukar hoto cikin apare, abin da zai fito tsaf bai wuce santimita 13 ba gaba da baya. Ya matso kusa, ya ragu ƙwarai. Daga ido zuwa kunne ya cinye shi.

Rabi_Hoto:
Wallahi na gwada yanzun nan, haka ne. To ni wanne ya dace da ni? 60D ce tawa.

Zeinabou_Plateau:
Ef-S ake ce wa naki, shi ne na 40D da 50D da 60D. Kada ki rikita shi da sunan objektif na EF-S, in kin je nema ki ce gilashin saiti. Ba shi da da'ira, ko'ina a fili za ki iya saiti, kuma yana cikin jerin C.Fn, saboda haka awo ba ya rikicewa da objektif na Canon. Ni Eg-S ke cikin 6D ɗita kuma ba na cire shi. Amma ki sani, da kin ɗora 18-55 ko wani zum mai f/5.6, maleƙa za ta yi duhu kamar magariba ta yi. An yi shi ne don objektif masu f/2.8 ko waɗanda suka fi haka buɗewa.

Laouali_Konni:
Ni ban yarda Eg-S ya fi mai tsaga ba. Na riƙe duka biyun. Mai tsaga amsarsa ɗaya ce, ko layi ya haɗe ko bai haɗe ba. Wancan kuwa sai ka yi ta kai da komo kana tambayar kanka. Wanda ya haura arba'in ya san abin da nake nufi.

Zeinabou_Plateau:
Malam Laouali, a fuska ina layin yake? Ido zagaye ne. Kuma da'irar a tsakiya take, sai ka saita sannan ka karkata apare don tsara hoto. A f/1.4 kusa da mutum, wannan ƴar karkatar kaɗai tana tura saiti bayan ido.

Laouali_Konni:
Akwai gefen hanci, akwai kwalli, akwai bakin ɗankwali. Kuma akwai mai tsaga a karkace, digiri 45, wanda ke kama layin tsaye da na kwance duka. Zancen karkata kuwa gaskiyarki, amma ni ba na ɗaukar mutane a f/1.4. Mai biki so yake ya ga kowa da ya zo, ba ya biyan kuɗin dishi-dishi.

Sani_Harobanda:
Ku yi haƙuri, duk wannan wahalar ta mece ce? Ku sayi marar madubi ku huta. Sony A7 tun 2013 ta fito, ta hannu tana samuwa. Kowane tsohon objektif na hawa da zobe, tana shafa wa wurin da ya zauna launi, tana zuƙo maka ido ka gani, awo kuma daga kan kaptar take yi. Ba gilashi ba rigima.

Ɗan_Katako:
Ka ba shi kuɗin mana.

Harouna_Boukoki:
Hhhh. Sani, ba na musun maganarka. Amma batir fa? Ni da batir guda nake gama ɗaurin aure har walima. Ga ɗaukewar wuta lokacin zafi.

Sani_Harobanda:
Batir kam tana ci, ba zan ɓoye ba. Uku nake yawo da su.

Injiniya_Moussa:
Abin da Sani ya faɗa akwai rabinsa a hannunka, Harouna. In ka kunna allon baya na 5D Mark II, madubi ya tashi, awo ya koma kan kaptar. Gilashin saiti ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta sanin ƙaryar da ma'auninka ke yi ita ce ka kwatanta su. Nemi bango mai launi ɗaya a inuwa, kafa apare a ƙafa uku, ISO (ƙarfin jin hasken kaptar) ɗaya. A kowane diyafram rubuta vites ɗin da maleƙa ta ba ka, da wanda allo ya ba ka. Za ka ga tazarar ba ɗaya ba ce daga f/2 zuwa f/11. Shi ya sa ba za ka iya cewa "bari in rage mataki ɗaya kullum" ka huta ba.

Kuma akwai abin da ban faɗa ba ɗazu. Ko da gilashin ainihi, zobe marar lantarki na rikita awo. Apare ta saba objektif ya gaya mata iyakar buɗewarsa, ta yi gyara a kan haka, don hasken gilashin ba ya raguwa daidai da yadda diyafram ke rufewa. Da zobenka ba wanda ya gaya mata komai, shi ya sa kake ganin 00 a wurin lambar diyafram. Kenan matsala biyu ce ta haɗu maka.

Harouna_Boukoki:
To in na sayi zobe mai ƴar lantarki fa, wanda ke sa ta yi ƙara in saiti ya yi?

Injiniya_Moussa:
Zai ba ka ƙara da ɗigon tabbaci. Amma lamba ɗaya yake gaya wa apare, wadda aka rubuta masa, ko ka rufe ko ka buɗe. Awo zai ci gaba da zamewa.

Abdoul_Pentax:
Mu ƴan Pentax mun daɗe da sanin wannan zance. A K10D, in an ɗora tsofaffin objektif na Pentax jerin M ko K ana auna haske da koren maɓalli, sanannen abu ne a buɗe hoto ya yi duhu, a rufe ya yi haske da yawa. Maganin da mutane suka gano shi ne cire gilashinta a sa LL-60 na *ist DS, sai awo ya fi daidaituwa. Kun ga a nan canza gilashi ne ya gyara awo, bai ɓata ba. Don Ɗan_Katako na faɗa.

Ɗan_Katako:
Na ji. Amma ku zo rumfar gyara ku ga waɗanda ake kawowa. Gilashi da sawun yatsa, gilashi da aka goge da alkol ya yi fari, madubi da aka karce da hantsaki. Sunansa gilashi amma roba ce, kuma fuskarsa ƙananan zane ne da ido ba ya gani. Ka taɓa shi da tsumma, shi ke nan, tabon na nan har abada. Iska kawai ake hura masa da ƴar robar hura iska, ba da baki ba.

Hadjara_Yantala:
Wannan gaskiya ne. Ni shawarata kada kowa ya buɗe cikin apare lokacin hunturu in ba dole ba. Ƙurar Yamai a Disamba da Janairu ko ka rufe taga tana shigowa. In za ka yi, kashe fanka, yayyafa ruwa a ƙasa, jira ƙura ta kwanta, shimfiɗa tsabtataccen tsumma kan madubi don ko wani abu ya suɓuce. A 5D akwai ɗan maƙalli a sama cikin bakin apare, ka ɗaga shi firam ya sauko da kansa, ka kama gilashi ta ɗan kunnensa da abin kamawar da ke zuwa cikin kwalinsa. Minti biyu ne in hannunka ba ya rawa.

Abu ɗaya da zai kwantar muku da hankali: ƙurar da ke kan gilashin saiti ba ta fitowa a hoto. Ido kawai take damu. Kada ka ga ɗigo biyu ka ce sai ka fitar da su, nan ake yin ɓarna.

Rabi_Hoto:
Otofokis fa, yana lalacewa in an canza?

Hadjara_Yantala:
A'a. Na'urarsa a ƙasan akwatin madubi take, ƙaramin madubi na biyu ke kai mata haske. Ba ta bi ta gilashin saiti.

Mamane_Nikon:
Na ga duk Canon ake ta yi. Mu namu ya ɗan bambanta. Nikon ba ta sayar da mai tsaga don irin su D90 da D300 da D7000, amma ana cirewa. Yawancin waɗanda ake sa musu K3 ne na FM3A ake yankewa daidai girman. Akwai kamfanin KatzEye na Amurka da ya yi suna a wannan aiki, ya rufe tuntuni. Sauƙin da muke da shi, D200 da D300 da D700 da D7000 suna da ɗan hannun da ke jin zoben diyafram na tsofaffin objektif ɗin Nikon da ake kira AI, ka shigar da tsawonsa da buɗewarsa a menu, ta auna a buɗe yadda Baba Chaibou ya kwatanta. Da'ira ba ta baƙi sai in objektif ɗin kansa mai duhu ne. D90 da ƙananan irin D3100 kuwa ba sa auna haske da waɗannan objektif sam.

Amma M42 ba namu ba ne. Tazarar bakin Nikon zuwa kaptar milimita 46.5 ce, ta M42 45.46, ta Canon EF 44. Shi ya sa Helios ke hawa Canon da siririn zobe ya kai har nesa, a Nikon kuwa ba ya kaiwa sai da zobe mai gilashi a ciki.

Baba_Chaibou_Tawa:
Mamane, ka tuna mini F3. Ita ma'auninta ba sama shike ba, ƙasa shike cikin jiki, haske na bi ta ƴan hudoji cikin madubi. Gilashi iri sun hi ashirin anka yi mata, ka sa wanda ka so, awo bai motsi. Tun 1980. Ban taɓa mallakarta ba, hannun ƴan jarida muka ganinta in an zo kokowa.

Laouali_Konni:
Baba, kokowa da saitin hannu? Ku kam kun sha aiki.

Baba_Chaibou_Tawa:
Ba bin su mukai ba. Ka saita wuri guda cikin fili, ka ruhe f/8, ka jira su iso nan. Rana ta Tawa ba ta rowar haske.

Harouna_Boukoki:
Na dawo. Na yi gwajin bango yadda Injiniya ya ce. Da sifot, daga f/5.6 abin ya tafi gaba ɗaya. Da na mayar awo mai nauyi a tsakiya, tazarar ta ragu sosai, ko da yake ba ta ɓace ba. Amma na ga wani sabon abu. Na zuƙo allo sau goma na saita kan rubutun kwalin shayi, na leƙa ta maleƙa, sai na ga layi bai gama haɗewa ba. Kaɗan ne, amma akwai. In na haɗe shi da da'ira, abin da ke ɗan gaban kwalin ne ke fitowa.

Ɗan_Katako:
Yauwa, an zo wurin. Wannan zancen kal ne, ƴan siraran firam da ke tsakanin gilashi da firizim. Dole nisan da haske ke yi daga objektif zuwa gilashi ta madubi ya zama daidai da nisansa zuwa kaptar. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na milimita ya isa ya kai saiti wani wuri. Da tsohon gilashinka ma wataƙila haka take, ba ka gani ne don ba ya nunawa. Tunda gaba take kamawa, gilashi ya sauko da yawa, kal ɗin ya yi kauri, a rage. In baya take kamawa, a ƙara. Duba kwalin da aka aiko maka, sau da yawa suna haɗowa da biyu ko uku na roba.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar gilashin ya zauna daram cikin firam, bai hau gefe ba. Kuma gwajin kwalin shayi bai isa ba. Jingina rula a karkace, sa abu mai tsayayyen layi daidai wata lamba, buɗe diyafram duka, ɗauka da ƙafa uku, kowane ɗauka ka kwance saiti ka sake. In mafi yawansu gaba suka faɗa, to kal ne. In sun warwatsu, hannunka ne ko idonka.

Zeinabou_Plateau:
Ɗazu kai ke cewa kada a taɓa, yanzu kai ke koyar da buɗewa.

Ɗan_Katako:
Tunda ya riga ya buɗe, gara ya yi daidai da ya kawo mini gawa.

Hadjara_Yantala:
Kuma Harouna, ka duba ƴar tayar da ke gefen maleƙa. Daga -3 zuwa +1 take a apare ɗinka. Cire objektif, kalli farin bango, murza har zanen da'irar kansa da lambobin ƙasa su fito tsaf. Jaka na murza ta ba ka sani ba.

Injiniya_Moussa:
Tayar ido tana da muhimmanci ga gurzajjen fili, amma ba ita ke hana layi haɗewa ba. Tsaga ko idonka bai gani sosai, inda take haɗewa nan take haɗewa. Shi ne ma dalilin da Malam Laouali ke sonta.

Abu biyu da suka rage kan awo. Na ɗaya falash. E-TTL, inda apare ke auna ƙarfin falash da kanta, ƙaramin walƙiya yake fara yi kafin madubi ya tashi, kuma ɗan idon nan na sama ne ke karanta shi, ta cikin gilashin. Kenan shi ma zai zame. Da tsofaffin objektif sa falash a hannu, rabi ko kwata, ka daidaita da nisa. Na biyu, haske na shiga ta baya, ta maleƙa. In ka rufe f/11 abin da ke shigowa ta gaba kaɗan ne, rana kuma na bayanka, ka ɗan janye ido ko kana sanye da tabarau, sai ma'auni ya karanta hasken bayan. Wannan kuma duhu yake sa hoto. Ƴar baƙar robar da ke maƙale a igiyar wuya ta Canon, ta rufe maleƙa ce in apare na kan ƙafa uku.

Rabi_Hoto:
Ikon Allah. Ni na ɗauka ado ce.

Sani_Harobanda:
Kal, rula, bango, roba. Ni dai na faɗa muku.

Laouali_Konni:
Ni a ganina an ba ma'auni girman da bai kai ba. Ko gilashin ainihi ne, ko marar madubin Sani ce, ka tsayar da baƙin mutum cikin farar shadda da rana tsaka, ƙarya zai yi maka. Shi komai so yake ya mayar toka-toka. Ya ga shadda ya rufe, fuska ta nutse. Ya ga fuska ya buɗe, aikin wuyan riga ya tafi, alhali mai riga don aikin nan ya kira ka. Ni tafin hannuna nake aunawa cikin hasken da mutum yake, na san yadda yake fitowa a apare ɗita, in ɗauki ɗaya in duba histogram, zanen da ke nuna rabon haske da duhu a hoto, da walƙiyar wuraren da suka ƙone, in gyara, in bar ta a M. Kuma in ɗauka a RAW, ɗanyen fayil da ya fi gyaruwa a kwamfuta. Sannan in jawo mutane inuwa in sun yarda.

Zeinabou_Plateau:
A situdiyo ko suna, na yarda. Amma wanda ke bin ango daga mota zuwa rumfa zuwa ɗaki yana buƙatar ma'aunin da zai dogara da shi a Av, inda apare ke zaɓar vites da kanta. Shi ya sa har yanzu nake cewa Harouna ya nemi Eg-S, ya zaɓe shi a C.Fn, ya rage wa kansa matsala ɗaya cikin biyu.

Laouali_Konni:
Ya rage ɗaya, ɗayar na nan tunda zoben bai canza ba. Kuma ya rasa tsagar da ta gyara masa saiti.

Abdoul_Pentax:
Harouna, wani abu daban. Ka kula da Takumar 50 ta f/1.4 a kan 5D. Bayanta na shigowa ciki in an saita nesa, a wasu madubi na taɓa ta. In ka ji ƙarar da ba ka saba ji ba ko madubi ya maƙale, murzo saiti kusa ya sauka, kada ka tilasta.

Harouna_Boukoki:
Tawa f/1.8 ce ta 55, ɗazu na rubuta 50 don saba baki. Ba ta taɓawa. Na duba kwali, akwai kal biyu na roba, ɗaya ya fi ɗaya kauri, amma ba a rubuta komai a jikinsu ba. Na cikin apare na ƙarfe ne. In cire na ƙarfen in sa siririn, ko yaya? Asabar ina da ɗaurin aure a Talladje.

Ɗan_Katako:
Kada ka taɓa kafin Asabar. Yi aikinka a f/4, zurfin zai rufe kuskuren, awo kuma bi na Baba. Ranar Litinin ka zo da ita da kwalin duka, akwai abin auna kauri a rumfa. Na ƙarfen kuma ko an cire kada ka yar.

Mamane_Nikon:
In za ku auna ku faɗa mana kaurin kowanne. Akwai D300 a nan da ke kama baya da K3, ina so in san ko na robar za su yanku su shiga.

Zeinabou_Plateau:
Ni ma zan biyo da 6D ɗita ya leƙa Eg-S da Helios ɗinsa kafin ku yanke masa hukunci. Ƙarfe nawa kake buɗe rumfa?